An gano ƙari a huhun Baba: a bari ƙarfe ya taɓa shi?

Abdulhadi Daura: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, musamman wajen ma'aikatan lafiya da ke cikin zauren nan, da duk wanda irin wannan ta taɓa faɗa wa gidansu. Mahaifinmu shekararsa 64. Tun damunar bara yake tari. Mun kai shi wani asibitin kuɗi, aka ɗauki hoton ƙirji, aka ga tabo ta sama a ɓangaren dama, aka ce tarin fuka ne. Gwajin kaki bai nuna ƙwayar cutar ba, amma duk da haka aka ɗora shi kan maganin wata shida. Ya shanye shi tas, ni nake miƙa masa kullum bayan sallar asuba. Tari bai tsaya ba. Ran nan ina ninke masa babbar riga sai hankici ya faɗo daga aljihu da ɗigon jini a jiki, ashe ya kwana biyu yana ɓoye mana.

Muka tafi Kano aka yi siti-sikan. An ga ƙari mai santimita 2.8 a saman huhun dama. Aka soka allura ta tsakanin haƙarƙari aka ɗebo ɗan nama, sakamako ya fito shekaranjiya: kansar huhu ce. Likita ya ce in ba ta bazu ba, ana iya yanke wurin.

Yanzu gida ya rabu. Baffanmu ya rantse ba za a taɓa ɗan uwansa da wuƙa ba, ya ce kowa ya san daji ba ya son ƙarfe. Yayanmu da ke Abuja kuma ya samo wani dillalin asibiti a Indiya, wai can mutum-mutumi ke yin aikin, huda ce kawai ba yanka. Amma kuɗin da ya faɗa, sai mun sayar da gonar Baba ta hanyar Zango. Ni na rasa tudun dafawa.

Maman Ilham: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya ba Baba lafiya, Ya sa kaffara ne.

Bishir Ƙofar Ƙaura: Allah Ya tashi kafaɗunsa. Dakta Nura na cikin zauren nan, bari ya fito daga aiki.

Alhaji Mamman Rafindaɗi: Yaro, ka saurari baffanka. Ba jita-jita zan gaya maka ba, da idona na gani. Ƙanen maiɗakina da ƙafarshi ya shiga asibiti, yana ba'a da yaran gida. Aka buɗe ƙirjinshi, ko wata uku bai cika ba muka kai shi makwancinshi. Da an bar shi, ƙila da ya ga wata sallar. Magabata da suka ce daji ba ya son ƙarfe ba su faɗi haka a banza ba.

Dakta Nura: Wa alaikumus salam. Abdulhadi, sannu ƙanena, Allah Ya ba Baba lafiya. Ban ga hotunansa ba, don haka hukuncin yana hannun likitocin da ke riƙe da shi. Amma zan faɗi abin da ya kamata ku riƙe kafin ku zauna da su.

Alhaji, ranka ya daɗe, Allah Ya jiƙan surukinka. Abin da ka gani gaskiya ne, kuma mun sha ganin irinsa. Inda nake roƙon a sake dubawa shi ne dalilin. Huhu ba ya jin zafi a cikinsa, shi ya sa ƙari ke girma shiru. Yawancin mutanenmu ba sa iso mana sai ciwon ya riga ya kama kaluluwar tsakiyar ƙirji, ko ya tafi hanta, ƙashi ko ƙwaƙwalwa. A da, da babu na'urorin da ke nuna wannan tun daga waje, sai an buɗe mutum ake ganin aikin gama ya gama, a mayar a ɗinke. Ya rasu bayan wata biyu ko uku, dangi su ce wuƙa ce ta tayar da ciwon. Alhali ciwon ya riga wuƙar nisa.

Ga wanda aka kama tun ƙari yana wuri ɗaya, yanke shi ne babbar hanyar warkewa da muka sani har yau. Tun 1933 wani likita a Amurka mai suna Evarts Graham ya cire wa wani majinyaci huhu guda sukutum saboda kansa. Majinyacin, wanda shi ma likita ne, ya ƙara shekara 30 a duniya. Shi Graham ɗin ma ya riga shi rasuwa, a 1957, kuma kansar huhu ce ajalinsa, don ya daɗe yana shan taba.

Alhaji Mamman Rafindaɗi: To Likita, in haka ne, ta yaya za ku tabbatar na mahaifin yaron nan bai bazu ba? Kada a maimaita abin da aka yi mana.

Dakta Nura: Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, Alhaji, ta fi ta Indiya da ta mutum-mutumi. Kafin a yi maganar yanka sai an amsa abu uku.

Wace irin kansa ce? Akwai mai ƙananan ƙwayoyi, wadda ke saurin bazuwa, ita galibi kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa, da gashi, wato ƙona ƙarin da hasken na'ura, ake yi mata. Akwai ɗaya rukunin, wanda ya kai kusan 85 cikin 100 na masu cutar, shi ne ake yanka in an kama da wuri. Tunda likitan ya ambaci yanka, da alama na Baba a nan yake, amma Abdulhadi ka duba takardar.

Sannan ina ta kai? A duba hanta da 'yan ƙululun da ke saman ƙoda a siti-sikan, a ɗauki hoton kai, in da hali a yi hoton PET, wanda ake yi wa mutum allurar wani irin sukari mai haske a jijiya, inda kansa take sai wurin ya haskaka. Ita kuma kaluluwar tsakiyar ƙirji, in ta kumbura a hoto, ba a yarda da ido kawai, musamman a ƙasarmu da tarin fuka ke kumbura ta. Ana zura siririn bututu mai kyamara ta baki zuwa hanyar iska, a bakinsa akwai na'urar sikanin irin ta masu ciki, a hango kaluluwar ta bayan bango a tsikare ta da allura a ɗebo. Ba yanka ko kaɗan, mutum na iya komawa gida ran nan. Inda babu wannan, ana ɗan tsaga ƙasan wuya a leƙa.

Na uku, shin jikin Baba zai ɗauka? A sa shi ya hura iska a na'urar awon numfashi, a duba zuciya. Akwai ma gwajin da ba ya cin ko sisi: a sa shi ya hau matakalar bene a ga hawa nawa zai yi kafin ya tsaya.

Abdulhadi Daura: Na gode Likita. A takardar an rubuta adenocarcinoma. Baba ya sha sigari tun yana saurayi, ya bari shekara 11 da suka wuce bayan ya dawo daga Hajji. Har yanzu da ƙafa yake zuwa masallacin Juma'a. Amma in aka yanke huhun, da me zai yi numfashi?

Sista Hindatu: Abdulhadi, ba duka ake cirewa ba. Na yi shekara tara ina aiki a ɗakin tiyata, bari in kwatanta maka. Ka taɓa duba huhun rago ran layya? Za ka ga ba dunƙule ɗaya ba ne, ɓangare-ɓangare ne da tsaga a tsakani. Na mutum ma haka: na dama kashi uku, na hagu kashi biyu. Kowane kashi da hanyar iskarsa da jijiyoyin jininsa. In ƙari yana kashin sama na dama, shi kaɗai za a ɗaure a cire tare da kaluluwar da ke kewaye, a bar huɗu. Sauran biyun na dama su buɗe su cike gurbin a hankali.

Bambancin da yayanku ke magana a kai, hanyar shiga ce. A tsohuwar hanya ana tsaga gefen ƙirji tsawon kamu guda ko fiye, daga ƙasan allon kafaɗa a zagayo, a sa ƙarfe a buɗa haƙarƙari biyu har hannu ya shiga. Wannan buɗawar ita ke kawo yawancin ciwon da mutane ke kuka da shi, wasu har watanni. A tiyatar kyamara kuwa, ƙananan ƙofofi ake yi, biyu zuwa huɗu, babbar cikinsu ba ta wuce faɗin yatsu uku ba. A zura kyamara, likita yana kallon talabijin yana aiki da dogayen kayan aiki, ba a buɗa haƙarƙari. In an gama a sa naman cikin 'yar jaka a jawo shi, don kada ya goga a bakin ciwon. A ciki dai aiki ɗaya ne, abin da za a cire a wancan shi za a cire a wannan.

Injiniya Kabir: To ai kun ga maganar yayansu ta fito. In akwai hanyar da ba a farke mutum, me zai sa a tsaya? Gona ai don mai ita aka yi ta. Ni na kai mahaifiyata Indiya aikin gwiwa, na ga yadda suke aiki. Lafiya uwar jiki. Ku sayar ku tafi, mutum-mutumi hannunsa ba ya rawa.

Dakta Nura: Injiniya, akwai gyara a nan. Na'urar da ake nufi, wadda aka fi sani da da Vinci, an amince da ita a Amurka tun 2000, kuma ba ita ke yin aikin da kanta ba. Likita ne ke zaune a gefe cikin ɗakin, ya sa ido a madubi, yana juya hannuwanta da yatsunsa. Tana ba shi gani mai zurfi, kuma kan kayan aikin na lanƙwasa kamar wuyan hannu. Abu ne mai kyau ƙwarai. Amma ita ma tiyatar kyamara ce, ƙofofin kusan iri ɗaya ne, kuma ba a nuna cewa wanda aka yi wa da ita ya fi wanda aka yi wa da kyamarar hannu tsawon rai ba. Abin da ta fi shi tabbas shi ne tsada.

Tsakanin kyamara da buɗewa kuwa, an gwada. A Birtaniya an raba majinyata kusan 500 gida biyu, aka fitar da sakamako a 2022. Waɗanda aka yi wa da kyamara sun fi samun sauƙin ciwo, sun fi ƙarfin jiki bayan mako biyar, kuma sun riga barin asibiti da kamar kwana ɗaya. Ta fuskar fitar da kansar kuwa, ba a ga ɗaya ya gaza ɗaya ba. Wato ribar kyamara sauƙin jinya ce. In akwai ta kusa, a hannun wanda ya saba, ni ma ita zan zaɓa wa mahaifina. In babu, buɗewa a hannun gwani cikin makonni kaɗan ta fi mutum-mutumi bayan wata huɗu ana jiran mai sayen gona da biza. Baba ya riga ya yi asarar wata shida.

Kuma ko a ina aka yi, za a sa ku sa hannu cewa in an shiga aka ga huhu ya manne da bangon ƙirji, ko jini ya ɓalle, za a buɗe. Wannan mannewar ta yi yawa a mutanenmu saboda tsohon tarin fuka da ciwon haƙarƙari.

Injiniya Kabir: Likita, ban ƙi taka ba, amma mu faɗi gaskiya. Wa zai yi aikin a nan? Mutum ya je a ce na'ura ta lalace, ko ana yajin aiki, ko a ba shi wata uku. Shi ya sa masu hali ke fita.

Dakta Nura: Ban musa cewa muna da ƙarancin likitocin ƙirji ba, kuma jira na faruwa. Amma akwai sashen tiyatar zuciya da ƙirji a asibitin Shika da ke Zariya, akwai a asibitin Malam Aminu Kano, akwai a Babban Asibitin Ƙasa na Abuja, ban da Ibadan, Inugu da Legas. Nan gida ma an buɗe cibiyar kula da masu kansa a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina a 2025. Abdulhadi ya je ya zauna da likitan ƙirji ya tambaye shi kai tsaye: irin wannan aikin nawa kake yi a shekara, da kyamara ko buɗewa, yaushe za a samu rana, akwai gado a ɗakin kulawa ta musamman? Likitan kirki ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. In amsar ba ta gamsar ba, sai a duba waje, ba laifi ba ne.

Abin da nake tsoro shi ne dillali. Shi kamashonsa yake nema, kuma ya yi alkawarin aiki alhali ko matakin ciwon ba a tantance ba. In an isa can hoton PET ya nuna abin ya kai ƙashi, ba za a yi tiyatar ba, ga gona ta tafi, ga magani na watanni yana jira a gida. Kuma ko aikin ya yi kyau, ba a nan kashe kuɗi ke ƙarewa ba. In aka auna naman aka ga kaluluwa ta kamu, sai an bi da kemo, galibi zagaye huɗu. Sai hoto duk wata shida na 'yan shekaru. A bar abin da za a yi wannan da shi.

Malam Sabi'u: Ni an yi mani, bari in sa baki. Shekara uku ke nan. Nawa a hagu ne, ƙasa, an gano shi ne da na yi hatsarin mashin aka ɗauki hoto, ban taɓa tari ba. Ɗiyata ke karatu a Masar, ita ta tsaya aka yi can da kyamara. Na farka na ga roba kamar kaurin ɗan yatsa ta fito daga gefena zuwa wani bokiti mai ruwa, in na yi tari sai ruwan ya yi kumfa. Na tsorata, nas ta ce iska ce ke fita, haka ake so. Washegari da safe suka tashe ni tsaye, ina riƙe da bokitin muna zagaya baranda. Suka ba ni wata 'yar roba mai ƙwallaye uku, in ja numfashi har su tashi, kowace awa. Ran farko ɗaya ma da ƙyar. Kwana uku aka zare robar, ran na biyar na fita.

Kada wanda ya ce maka babu ciwo. Akwai, tari ma sai na rungume matashi. Na yi kamar wata biyu ina sallah a zaune kan kujera. Yanzu tabo uku ne, in ban nuna maka ba ba za ka lura ba, kuma bana da kaina na yi noman gerona. In na hau tudu da sauri dai ina haki.

Maman Ilham: Malam, Allah Ya ƙara lafiya. Wallahi wannan bayanin naka ya fi kwantar da hankali.

Abu Sadik: Ɗan uwa kada ka wahalar da tsoho. Akwai mai maganin gargajiya da ke narkar da daji cikin kwana 40, ba yanka ba gashi. Yi mani magana ta akwati in ba ka lamba.

Shugaban Zaure: Abu Sadik, dokar zaure ta hana tallar magani, kuma na goge saƙonka na biyu mai lambar waya. A kiyaye.

Hajiya Turai: Shugaba ka yi daidai. Irin wannan kwana 40 ɗin ne ya cinye mana lokacin mahaifiyarmu. Ita ko warin taba ba ta so, amma ta yi shekara fiye da 30 tana tuyar ƙosai da waina kan itace a ɗan ɗakin girki marar taga. Da muka dawo asibiti ruwa ya riga ya taru a ƙirjinta, ba ta iya kwanciya sai a jingine. Likitoci suka ce yanka ya wuce. Amma sun taimake ta: suka zuƙe ruwan da roba, suka zuba wata hoda a ciki don huhun ya manne da bango ruwa ya daina taruwa. Ta samu ta yi barci a kwance, ta yi azuminta na ƙarshe a ɗakinta cikin jikoki. Abdulhadi, ku da aka ce ana iya yankewa, wallahi gata ne Allah Ya yi maku. Mu mun nema ba mu samu ba.

Likita ina da tambaya. In tsoho ba zai iya ɗaukar tiyata ba fa, shi ke nan?

Dakta Nura: Allah Ya jiƙan Inna, Hajiya. Kuma kin taɓo abu mai muhimmanci: taba ce babbar sila, amma irin kansar da ke takardar Baba, wato adenocarcinoma, wadda ke cikin rukunin nan da ake yanka, ita ce aka fi gani a matan da ba su taɓa shan taba ba, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa hayaƙin girki cikin ɗaki a abubuwan da ke jawo ta.

A'a, ba shi ke nan ba. In ƙari ƙarami ne bai bazu ba, amma zuciya ko numfashi ba za su ɗauki aiki ba, akwai wani gashi na musamman da ake auna ƙarin daga kusurwoyi da yawa a haɗa masa haske mai ƙarfi a wuri ɗaya. Zama uku zuwa takwas ne, maimakon makonni shida na gashin da aka saba. Ba allurar barci, ba jini. Yana kashe ƙarin a mafi yawan lokuta. Sai dai ba kowace na'urar gashi ke yin sa ba, sai an tambaya, kuma ba a samun naman da kaluluwar a auna kamar yadda ake samu a tiyata. Akwai kuma soka allura ta fata har cikin ƙarin ana kallo a siti-sikan, a ƙona shi da zafi ko a daskarar da shi da sanyi. Wannan ya fi dacewa da ƙanana sosai, kuma ciwon ya fi saurin dawowa a wurin, don haka na wanda ba shi da wata hanya ne. Mutumin da ke taka ƙafa zuwa masallacin Juma'a, ina sa ran awon numfashinsa zai ba da dama.

Bishir Ƙofar Ƙaura: Likita na karanta cewa yanzu ba sai an cire kashi guda ba, ɗan yanki kawai ake gutsurewa. Ba za a yi wa Baba haka ba, a rage masa asara?

Dakta Nura: Ka karanta daidai, Bishir, amma da sharaɗi. Tun 1995 cire kashi guda ne ƙa'ida, saboda binciken lokacin ya nuna in an gutsura kaɗan ciwon ya fi dawowa. Sai Japan ta fitar da babban bincike a 2022, Amurka ta biyo a 2023, duka suka nuna cewa in ƙarin bai wuce santimita 2 ba, yana gefen huhu, kuma kaluluwa lafiya lau, cire ƙaramin yanki ya wadatar. A na Japan ɗin, fiye da 90 cikin 100 na kowane rukuni suna raye bayan shekara biyar. Alhaji Mamman, ka ga abin da ƙarfe ke yi in ya zo da wuri. Na Baba 2.8 ne, ya haura wannan iyaka, don haka mai yiwuwa kashin sama gaba ɗaya za a ce. Da an yi siti-sikan ɗin tun ranar da kaki ya fito babu ƙwayar tarin fuka, wataƙila da wata maganar muke yi. Wannan yana ci mani rai, don ba Baba kaɗai ba ne. Wanda ya haura 50, ya taɓa shan taba, kaki bai nuna komai ba, ko ya yi wata biyu kan magani ba sauƙi, bai kamata a jira wata shida su cika ba.

Abu ɗaya kuma Abdulhadi: ku tambaya ko za a iya gwada naman don neman wani canji a ƙwayoyin halittar ƙarin da ake kira EGFR. In akwai shi, akwai ƙwaya mai suna osimertinib da ake sha bayan tiyata har shekara uku, tana rage dawowar ciwon sosai. Tana da tsada matuƙa, amma gara ku sani.

Alhaji Mamman Rafindaɗi: Na ji bayaninka Likita, kuma na gode da ka yi shi cikin ladabi. Zuciyata dai ba ta gama kwanciya ba, don wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma na tuna, surukin nawa kafin a shiga da shi ya riga ya rame, muryarshi ta dushe, kafaɗa na mashi ciwo. Ƙila yadda ka faɗa ne. Yaro, in za a yi, a yi duk awon nan tukuna.

Maman Ilham: Ni duk cikin maganar nan ban ji inda aka ce ga abin da Baba ya ce ba. Baffa ya ce, Yaya ya ce. Shi mai ƙirjin fa? Ya ma san abin da ke takardar?

Abdulhadi Daura: Anti, gaskiya ba mu gaya masa sunan ciwon ba. Mun ce masa ƙari ne kawai. Baffa ya ce in ya ji zai karaya.

Sista Hindatu: Mutumin da ya ɓoye hankici don kada hankalinku ya tashi, kana jin bai san akwai abu ba? Ku zauna da shi, kai da Baffa, a kira Yaya a waya. Shi zai sa hannu, shi zai yi tarin bayan aiki, shi zai tashi ya taka da roba a gefensa. Wanda ya shiga da yardarsa ya fi ba mu haɗin kai nesa ba kusa ba.

Abdulhadi Daura: Salam jama'a, na dawo bayan kwana huɗu. Daren Laraba bayan isha'i muka zauna a zaure, na karanta masu abin da Likita da Malam Sabi'u suka rubuta, Yaya yana kan waya. Baba ya yi shiru har na gama, sannan ya ce tun ranar da aka soka masa allura a Kano ya gane, jira yake mu faɗa. Ya ce a yi aikin, amma gona ba za a sayar ba, ta marayun ƙanensa ce rabi. Yaya bai ji daɗi ba, sai dai ya ce kuɗin da ya tara na tikiti zai biya hoton PET da su. Baffa bai ce ya yarda ba, ya dai ce duk inda za a kai ɗan uwansa ƙafarsa ƙafarsa.

Jiya na kai Baba gidan wani abokina mai bene, ya hau hawa biyu bai tsaya ba, a na ukun ya dafa bango. An ba mu ranar Talata mu ga likitan ƙirji a Zariya. Me ya kamata mu riƙa?

Sista Hindatu: Masha Allah, a gaida Baba da ƙoƙari. Ku tafi da faifan siti-sikan ɗin kansa, ba takardar bayani kaɗai ba, da tsohon hoton ƙirjin na bara don a gwada girman. Ku koma inda aka auna naman ku roƙi a ba ku ɗan dunƙulen da aka adana shi a ciki da gilasansa, za a iya buƙatarsu don gwajin da Likita ya faɗa. Ku haɗa katin maganin tarin fuka da duk ƙwayar da yake sha, har da na gargajiya in akwai, kuma in yana shan asfirin ku faɗa. Ku fara yi wa 'yan uwa uku ko huɗu magana kan ba da jini. Kafin ranar, kullum safe da yamma ya riƙa tafiya, ya ci abinci sosai, kuma a daina kunna turaren wuta da maganin sauro na hayaƙi a ɗakinsa. Ku kama hanya tun asuba, layin katin yana da tsawo.